Mai waldar Katako da ya haɗa min madubin kallon taurari, inda ya burge ni da inda munka yi rigima

Wata takwas kenan ina aiki da madubin hangen taurarin da wani mai walda na kasuwar Katako a Yamai ya haɗa min, kuma tunda mutane sunka fara ganin hotunan wata da nake ɗauka bisa rufin gidanmu tambayar kowa guda ce, wa ya yi maka, nawa ka kashe, in na je zai yi min irinshi? Sunanshi kam ba zan faɗa ba, dattijo ne mai furfura kuma akwai wuraren da zan yi ƙorafi, amma duk wanda ya san layin masu tol da masu zubin tukwanen alminiyom zai sami irinshi goma, abin da zan faɗa a kanshi ya shafe su kusan duka.

Shi madubin ba a nan aka yi shi ba, kar wani ya ɗauka mai walda ke sassaƙa gilashi. Odarshi na yi ta intanet daga Cana, wani ɗan'uwa mai kawo kayan salula ya saka min cikin kayanshi, babban madubi mai faɗin milimita 150 wanda ke tara haske a nisan milimita 750, da ƙaramin madubi mai kamar ƙwai da ke zama a karkace kusa da baki yana jeho hoton gefe. Tsarin Newton kenan, tun 1668 da ya ƙera nashi abin bai canza ba sosai. Duka da kuɗin ɗauko ya tasar min wajen jika 60. Saura bututu, gadon da madubin zai kwanta, ƙafafun riƙe ƙaramin madubi waɗanda masu abin ke ce ma gizo-gizo, da wuyan da ake saka ido ko kamara. Aikinsu na kai ma Baba, wato mai waldar.

Ranar farko na je da zane a takarda, ya duba ya juya shi sama ya juya ƙasa ya ce "Mushe, wannan bututun murhu ne ko igwa?" Na ce Baba na kallon wata ne. Ya yi dariya har yaran shago sunka taru, amma fa bai ce ba zai iya ba, kuma wannan shi ne abu na farko da na so gare shi, don kafin shi mutum biyu na je ma, ɗaya ya ce in sayi tiyon PVC na ruwa in huta. Na san tiyon PVC, nauyi gare shi ga shi in zafin watan Afrilu ya buge shi bisa rufi sai ya fara lanƙwasa kamar rake ya kwana a rana, kuma lanƙwasar da ido bai gani ita ke ɓata saiti. Baba ya yanko tol mara kauri ya naɗe shi a injin naɗi faɗin santimita 18, ya kama bakin da kalmasa irin ta masu bokiti maimakon ya bi shi da wuta, ya ce walda za ta murɗe shi. Ya sa zobe a kowane baki don kar ya lotse. Wallahi bututun nan ya fito zagaye tas, na auna shi ta ko'ina da mita bambancin bai kai milimita 2 ba. A nan ban da abin cewa, hannunshi ya san tol.

Inda munka fara samun saɓani gadon madubi ne. Na yi mishi bayani faifai biyu ne na ƙarfe, na sama madubi ke kwance a kai bisa wuri uku, na ƙasa manne da bututu, tsakaninsu bulon uku kowane da sifirin ɗinshi yadda in ka murɗa ɗaya madubin zai ɗan sunkuya wajen. Wannan ya gane nan take, har shi ya kawo shawarar sifirin ɗin kulocin moto, ya tura yaro wajen masu gyara ya kwaso guda uku da dala ashirin, kuma har yau su ke ciki ba su taɓa saki ba. Amma da anka zo ƴan kunnuwan nan uku da ke hana madubi faɗowa, na ce Baba kar su taɓa gilashin, a bar tsakani kamar kaurin takarda. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shekara arba'in yana aiki bai taɓa ba mutum kaya yana girgiɗi ba, abin da zai hau moto a hanyoyin Yamai in bai ɗauru ba ai fashewa zai yi. Na yi ta magana ya ce to, to, to, irin to ɗin manya da ka san ba ta shiga ba. Na tafi sallar la'asar na dawo na iske an gama an rufe.

Daren da na fara gwadawa wata ya fito da kyau ban lura da komi ba, murna ta rufe min ido. Sai da na juya kan tauraro mai haske na ƙara girma sai na ga maimakon ɗigo ya zama kamar samosa, kusurwa uku, duk tauraron da na nufa haka. Kwana biyu ina zagin mai sayar da madubi a raina ina cewa ya turo min reject, kai har na fara rubuta mishi saƙo. Sannan na ce bari dai in kwance gindin in gani. Ai kuwa Baba ya sa roba ta tiyub ƙarƙashin kunnuwan ya ɗaure su tam da sufana. Gilashi mai kaurin kusan santimita 2 za ka ce me bulon ɗan ƙarami zai mishi, to amma kuskuren da ake yafe ma irin madubin nan bai wuce rubu'in tsawon zangon haske ba, abin da bai kai kashi ɗaya cikin 500 na kaurin gashin kai ba, matsi kaɗan ya isa ya karya siffar. Na sassauta su har katin caji yana shiga tsakani, na ɗiga silikon wuri uku a bayan madubin na bar shi ya kwana, washegari taurari sunka koma ɗigo. Da na koma na gaya mishi cewa ya yi "ashe gilashi ma yana jin ciwo", bai ce ya yi kuskure ba ni ma ban nema ba.

Wanda ke da niyyar kai irin aikin nan, kar ka bar madubinka a shago ko na awa ɗaya, wannan da babbar murya nake faɗa. Rufin alminiyom ɗin da ke maido haske a fuskar gilashin yake, ba a baya ba kamar madubin ɗaki. Ni da idona na kama hannun wani yaron shago ya tofa yawu zai goge da gefen rigarshi mai cike da garin ƙarfe, da niyyar kirki fa, ƙura ya gani. Wata rana kuma an aje shi a buɗe bisa benci rana ta faɗo kanshi, sai ƙaurin tsumma munka ji, hasken ya taru kan wani ƙyalle da ke rataye ya fara hayaƙi. Daga ranar na yanko katako zagaye daidai faɗi da kaurin madubin na bar musu shi su yi awo da shi, na gaske yana gida cikin kwali. Kuma abin da ya ƙona tsumma ka san me zai yi ma ido, kar a kuskura a nufi rana da shi, yara musamman.

Gizo-gizo kuwa nan Baba ya rama. Ni ƙarfen rodi siriri na zana, ya ce a'a, ya ɗauko tsofaffin ruwan zarton ƙarfe guda huɗu ya goge haƙoran a dutsen injin ya jera su a tsaye ta yadda haske ke ganin kaifinsu kawai, ya ja su da bulon ta wajen bututu sunka yi tsam kamar tsirkiyar gurmi. Siriri ga ƙarfi. Su ke ba taurari masu haske ƙahon nan huɗu da kuke gani a hoto, wasu na tambaya ko na ƙara da aplikasiyo ne, a'a ruwan zarto ne.

Sai babbar matsala wadda rabin laifin nawa ne. Na ba shi awon ramin wuya a kan kallo da ido, santimita 58 daga fuskar babban madubi, ya huda daidai, munka ɗora wuya, kallo lafiya lau. Da na samo tsohuwar kamarar Canon ta hannu na cire gilashinta na ɗaura jikin kamarar kai tsaye sai hoto ya ƙi zama, na murɗa wuyan har ya ƙure ciki wata na nan kamar fanken da ya jiƙa. Dalilin shi ne allon da ke ɗaukar hoto a cikin kamara yana can ciki milimita 44 daga bakinta, in ka haɗa da zoben ɗauri ya zama 55, to wurin da hasken ke taruwa bai fito waje da nisa haka ba. Lissafin da ya kamata in yi tun farko mai sauƙi ne, rabin faɗin bututu 9, tsayin wuya 6, kamara 5 da rabi, ka cire su daga 75, abin da ya rage 54 da rabi shi ne tsakanin madubin biyu. Wato sai an turo babban madubi gaba da santimita 3 da rabi. Na koma Katako ina jin kunya, na ɗauka zai ce sai sabon bututu, sai ya ce kawo, ya sake huda uku gaba ya toshe na baya da ribit, minti ashirin, ya ƙi karɓar ko dala. Wannan ban manta mishi ba.

Amma gyaran ya jawo wani, don da madubi ya matso gaba hasken da ke isa ga ƙaramin madubi ya fi faɗi, shi kuma wanda ya zo cikin kayan milimita 35 ne, a sabon wurin ko tsakiyar hoto kaɗai tana son 41. Ma'ana ina zubar da hasken gefen babban madubin da na saya da kuɗina. Sai da na sake odar mai 50 na jira mako shida. Mai sayar da kayan bai rubuta ko'ina cewa ƙaramin madubinshi na kallon ido ne kawai ba, wannan shi ne ƙorafina a kanshi, ban da haka babban madubin ya yi daidai da kuɗinshi, ba na farko ba ne amma in na fitar da tauraro daga saiti ciki da waje zobban suna kama da juna, alamar ba a yi min ƙarya ba da anka ce parabola ne, wato lanƙwasar da ke tara haske wuri ɗaya. A gefen hoto taurari na fitar da ɗan wutsiya kamar tauraruwa mai wutsiya, wannan halin duk gajeren madubi irin nawa ne, maganinshi wani gilashi ne da kuɗinshi ya fi na madubin duka, don haka yanke gefen hoton nake.

Wuya kam kar ku ba mai walda. Baba ya gwada da tiyo biyu ɗaya cikin ɗaya, da ido ana lallaɓawa, amma da nauyin kamara sai ya sunkuya hoto ya zama rabi tsaf rabi hazo. Ramin dole ya zama milimita 31.75 ba 32 ba, wannan aikin mai tur ne, injin sassaƙa ƙarfe, ko shi ma daga ƙarshe na haƙura na sayi na kamfani. Fenti kuma ya so ya fesa min baƙi mai ƙyalli a ciki wai ya fi kyau, na ce a'a fentin allon lakwal nake so wanda bai maido haske, da kaina na shafa da soso ɗaure a sanda. Waje na sa fari saboda rana.

Akwatin da bututun ke zama kai kafinta ne ya yi da kwantirplake, irin tsarin da John Dobson ya yaɗa a Amurka tun shekarun 1960, bai da wani abin faɗa, yana juyawa sama da ƙasa hagu da dama bisa ƴan guntayen robar bido da na yanka, ba santsin Teflon, robar da masu abin ke sawa, ba ne amma da ɗan shafa kyandir yana tafiya. Kafinta jika 15, Baba jika 35 duka da tol ɗinshi. Na ce ya rage ya ce Mushe kai ma ka san ciwon kan da ka ba ni ya fi haka, kuma gaskiya ya faɗa.

To me ake samu da shi? Wata dai ba a magana. A nisan 750 yana faɗowa kusan milimita 7 a kan allon kamara, ɗauka ɗaya cikin 250 na daƙiƙa ta isa, ba ruwanka da juyawar duniya. Ranar bakwai ko takwas ga wata ya fi daɗi, lokacin da inuwa ke kwance cikin ramuka, daren sha huɗu haske ne kawai ba komi. Jupita, wadda malamai ke kira Mushtari, da ido ana ganin ɗamarunta biyu da watanninta huɗu da Galileo ya gani a 1610, a hoto kuwa bidiyo nake ɗauka in bar ta ta ratsa allon in dawo da ita in sake, sannan wani aplikasiyo mai suna AutoStakkert ya tsince hotuna masu kyau ya haɗa. Aikin haƙuri ne, don sama na tafiya digiri 15 a awa, Jupita na matsawa da faɗin jikinta cikin daƙiƙa uku kacal. Zuhal, duniyar nan mai zobe, bai ba ni abin da nake so ba tukuna, zobenshi ya juyo mana kaifi a Maris 2025 sai a hankali yake buɗewa, kamar an soke goro da allura. Dare ɗaya na ɗauko Baba a moto na kawo shi gida ya duba abin da hannunshi ya yi, ya daɗe sunkuye bai ce komi ba, can ya ɗago ya ce "Allahu akbar, duk kwazazzabai ne, kamar hanyar garinmu bayan damina", ya koma ya sake dubawa, sai kuma ya kama bututun ya girgiza ya ji ko akwai abin da ke motsi, hali dai zanen dutse.

Abin da bai yiwu ba shi ne hotunan abubuwa masu dushi-dushi, irin gajimaren Oriyon, wani hazon haske da ke can cikin taurari. Da ido ana ganinshi sarai, madubin na tara haske sama da sau 400 na ƙwayar ido, amma hoto na son a bar kamara buɗe daƙiƙa talatin ko fi, ni kuwa a lissafin kamarata tauraro na ja layin ɗigon hoto goma sha biyu a daƙiƙa ɗaya. Dole sai abin da zai bi sama. Na kawo ma Baba zanen dandamalin da wani Bafaranshe Adrien Poncet ya fito da shi a 1977, wanda ake ɗora akwatin duka a kai yana karkata a hankali, kuma nan ne na ga iyakar shagon. Da farko dai mu Yamai muna kan digiri 13 da rabi ne, ƙusar da komi zai juya a kai, wadda dole ta nufi tauraron arewa, kusan kwance take, maimakon dandamalin ya juya kamar faifai sai ya riƙa kishingiɗa gefe kamar kwalekwale, digiri 7 da rabi kowane ɓangare, abin har tsoro yake ba ni kar bututu ya kife. Ga tauraron arewa da za a yi saiti da shi yana can ƙasa bayan katangar maƙwabci da hazon gari. Ga Baba da injin waifar mota da ya ce zai rage mishi gudu da sarƙar keke, abin da ake so ya yi zagaye ɗaya a awa 23 da minti 56 ba tare da ko rawa ba. Jika 10 ta tafi a nan ban ga komi ba, kuma da ya ce min tun farko wannan ya fi ƙarfina da na fi jin daɗi, amma masu sana'armu ka san ba su iya cewa ban iya ba.

Ƙaramin abin bin sama da ya yi aiki shi ne katako biyu da pata irin ta ƙofa, na kamara kaɗai ba da bututu ba, bulon M6 mai tafiya milimita ɗaya a zagaye, a nisan santimita 22.9 daga patar, kana murɗa shi zagaye ɗaya a minti kana bin tsinken agogo. Da gilashin kamara mai milimita 50 na ɗauki Kaza da Ƴaƴanta minti ɗaya-ɗaya guda arba'in na haɗa a aplikasiyon Siril, wannan a hayin kogi ne bayan Haro Banda inda fitilu sunka ragu. Kuma daga can in ka juya kudu wajen watan Afrilu zuwa Mayu za ka ga Omega Sentori ya taso kusan digiri 29, curin taurari kamar an zubar da gero, abin da mutanen Faransa ba su samu daga gida.

Ƙura ita ce abokiyar gaba, daga Disamba zuwa Fabrairu wasu darare ko Gamzaki da ƙyar. Oktoba da Nuwamba bayan ruwa ya wanke sama su ne namu. Murfin da Baba ya yi na tol bai hana ƙura, hular wanka ta leda nake sa ma baki da gindi, ta fi shi aiki nesa ba kusa ba. Sau ɗaya na wanke madubin, ruwan famfo da ɗigon sabulun ruwa, na ɗauraye da tataccen ruwa na farmasi na jingine shi ya tsane, ba gogewa. Kuma in ka fito da shi daga ɗaki mai zafi ka ba shi kamar minti arba'in ya huce, in ba haka ba hoto rawa yake kamar kana kallo ta saman gasasshen nama, na ɗaura mishi fankar tsohuwar kwamfuta a gindi da batirin moto ya rage jiran. Duk tafiya a moto kuma sai na sake daidaita madubai da murfin kwalba mai ƙaramin rami a tsakiya, minti biyar, sifirin ɗin kuloci na yin aikinsu.

In za ka je, je da kamararka da wuyanka a hannu kafin a huda ko rami ɗaya, ka je da safe kafin a ɗauke wuta, ka zauna a bencin har a gama, in za ka tafi salla ka tafi da sufanar. Dandamalin nan yana can jingine bayan shago an ɗora mishi buta, Baba ya ce in dawo asabar ya samo injin wata tsohuwar firinta, na ce mishi to.